Na Ajiye Alli Ina Ɗan Shekara 48

Mai karatu, ka san 'yar takardar nan da ake ninkewa a cikin kwalin magani, mai rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa, wadda kake yarwa ba ka karanta ba? To ita ta raba ni da aikin da na shekara 21 ina yi.

Malamin kimiyya ne ni a makarantar sakandare. A 2014 likita ya ce mahaifiyata tana da hawan jini, ya rubuta mata ƙwayoyi. Ta sha wata biyu, ciwon kai ya lafa, sai ta ajiye, don a saninta magani na wanda yake kwance ne. Takardar kwalin da Turanci take. Ba wanda ya zaunar da Inna ya gaya mata da Hausa cewa hawan jini yakan yi shiru alhali yana nan yana ɓarna, kuma ba a barin maganinsa sai likita ya ce. Ni kaina, mai zana wa yara zuciya a allo, ban taɓa tambayarta ko tana sha ba. Wata asuba tana alwala buta ta suɓuce mata, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Shekara uku tana kwance kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan sadakar arba'in na rubuta takardar barin aiki. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, da 'ya'ya shida za ka bar albashi ka kama biro?" Gaskiyarta. A shekarar farko sai da na sayar da babur ɗina.

Na ɗauka tunda na san kimiyya, kuma da Hausa na buɗe baki, aikin zai zo da sauƙi. Ina! Rubutuna na farko a kan ruwan gishiri da sukari ne, na yaro mai gudawa. Na kai wa wata likitar yara ta duba, ta dawo mini da shi jajir da jan biro, ni da na saba yi wa wasu. Inda na rubuta "gishiri kaɗan" ta kewaye, ta ce, "Malam, kaɗan ɗin wa? In gishiri ya yi yawa, uwa za ta illata ɗanta da hannunta." Ma'aunin shi ne ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Cokalin ma shafaffe, ba mai tozo ba. To wace uwa ke da ma'aunin lita a ɗaki? Kwana biyu ina juya abin kafin na rubuta: ledar fiya-wata biyu, mai rabin lita.

Haka "sau uku a rana". Wani zai sha da safe, da hantsi, da azahar, ya ce ya gama, alhali a magunguna da yawa ana nufin bayan kowace awa takwas. Ga kuma "shawara", kalma ɗaya da muke jibga wa cututtuka daban-daban don kawai ido ya yi ɗorawa, ko daga hanta abin ya taso ko daga jini. Wallahi ranar da na yi shafi guda mai tsabta, na ci kasuwa.

Yanzu ina rubuta ƙasidun da ake rabawa a asibiti da kuma shirin rediyo, ba na sakin komai sai likita ya duba. Kuɗin har yau bai kai albashina na da ba, kar wani ya ruɗe ka. Kwalin maganin Inna yana nan cikin durowar teburina, da sauran ƙwaya goma sha ɗaya a ciki.