Murhun Gwiwa: Mu Gina da Laka, Mu Kiyayi Ƙarfen Bola



A Arlit da Akokan icce kuɗi ne. Ba mu da daji a bayan gari. Abin da muke hurawa daga kwarurukan Ayar ake sarowa, a ɗoro a mota ko a jaki, kuma kowace shekara masu saran sai sun ƙara nisa. Tun da aka rufe mahaƙar Cominak ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da yawa albashi ya yanke, tukunya ta koma wuyan mata. A taronmu na mako, idan mace ta kasa zubi, sau da dama amsar ɗaya ce: "Kuɗin sun tafi wurin icce." Ga ɗari ya shigo, a Disamba da Janairu wutar girki ba ta isa, sai an ƙara ta jin ɗumi.

Shi ya sa ƙungiyarmu ta zauna a kan maganar murhu. Murhun tattali ba baƙo ba ne a Nijar, iyayenmu sun san Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka. Wanda muka gina ana ce masa murhun roka. Wani Ba'amurke, Larry Winiarski, ya tsara shi a shekarun 1980. Mu dai murhun gwiwa muke kiransa, don cikinsa kamar gwiwar hannu yake idan an lanƙwasa: rami ɗaya a kwance inda icce ke shiga, ɗaya a tsaye inda wuta ke hawa.

Ga yadda muke yinsa. Faɗin ramin santimita 10 zuwa 12, wato kamar gwangwanin madara. Da gwangwanin muke fitar da siffar, mu zare shi kafin laka ta bushe. Ramin tsaye ya kai ninki uku na faɗin, wajen taƙi ɗaya da rabi. Idan ya gajarta hayaƙi ba ya gama ƙonewa, idan ya yi tsawo da yawa iska mai sanyi ta yi ta kwarara tana rage zafi. A bakin ramin kwance muna sa ɗan faifan yumɓu da aka gasa, icce a samansa, iska ta bi ta ƙarƙashi. Bakin iccen kawai ke ci, sanda uku ko huɗu sirara, kina turawa kaɗan-kaɗan.

Lakar kuma ba zalla ba. Laka zalla tana shanye zafi kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Muna kwaɓa ta da kashin jaki ko garin katako na masassaƙa, ta yi sauƙi, sannan mu bar fili tsakanin bangon ciki da na waje mu cika da toka. Tokar ce bargon wuta. A sama muna ɗaga laka ta kewaye tukunya, a bar tazarar ɗan yatsa, don harshen wuta ya lashi gefen tukunya kafin ya fita. Bakin murhu kuwa kada ya kalli gabas ko arewa, in ba haka ba iskar hunturu ta riƙa wasa da wutar.

To, jin ɗumi fa? Mu faɗi gaskiya, wannan murhu tukunya yake so, zafinsa sama yake tafiya. Wadda ta saba miƙa ƙafa gaban murhun duwatsu uku za ta ce ya yi rowa. Dabararmu ita ce, idan an sauke tuwo, sai mu ɗora faffaɗan dutse ko tubali biyu a bakinsa su sha zafi, mu sauke su kusa da tabarmar tsofaffi. Jikin murhun ma yana riƙe ɗumi har bayan isha'i, yara su zauna kewaye ba tsoron tartsatsi. Amma a tsakar gida za a gina shi. Kada wadda ta kwashi garwashi ta kai ɗaki ta rufe ƙofa. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu. A wasu garuruwa da tsohon tano da bututun ƙarfe ake yin wannan murhu, kuma ya fi saurin haɗuwa. Nan garin sai an yi hattara. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta nan Arlit, sun auna tarkacen ƙarfe a kasuwa, suka tarar wasu na ɗauke da gubar uraniyom. A 2009 Greenpeace ta zo ta sake samun haka. Wannan guba ido ba ya ganinta, wanki ba ya tabbatar da ta fita, wuta ba ta kashe ta. Sai na'ura ce ke gane ta, mu kuwa ba mu da na'ura. Murhu abu ne da mace ke tsugunne a gabansa safe da yamma, goyo a baya. Don haka muka yanke shawara a taro: bututu ko kwanon da ba mu san asalinsa ba, ko kyauta ne ba ya shiga madafarmu. Lakar ma daga inda magina suka saba ɗiba za a ɗebo, ba kusa da tulin ƙasar mahaƙa ba. Rigakafi ya fi magani.

Ba ma cewa ku yarda da bakinmu, gani ya kori ji. Ku ɗora tukunya biyu iri ɗaya, ruwa daidai, ɗaya a duwatsu uku, ɗaya a murhun gwiwa. Ku ƙirga sandunan da kowane ya ci kafin ruwa ya tafasa. Bambancin da kuka gani, ku lissafa shi a wata, shi ne zubin da ake ta nema.

A Maradi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, da ƴan kuɗin da mata ke tarawa mako-mako. Murhun nan ma haka muke yinsa, gayya-gayya: wannan mako gidan wance, mako mai zuwa gidan wance, mai gida ta tanadi laka da toka, mu zo da hannuwa. Ƙungiyar da ke son koyo ta aiko mata biyu ranar taronmu, su zo da gwangwaninsu.

Allah ya sa albarka a tukunyarmu da asusunmu. Amin.