Kwamfuta Ba Ta San Kunya Ba

Mu Hausawan Briqueterie, suna abu ne mai nauyi a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta ambatar na maigida. Ga shi yanzu saƙon talla na shigowa wayar dattijo da sunansa tsirara, ba Alhaji, ba Malam.

Kada mu ruɗu, jama'a, ba wanda ya san mu. Wasiƙa ɗaya ce aka bar mata gurbi kamar katin biki, kwamfuta ta ɗebo sunaye daga jeri ta cike. To, wa ya ba su jerin?

Tun Disambar 2024 Kamaru na da dokar kare bayanan mutane. Kafin mu ba da suna da lamba, mu tambayi inda za a kai su.