Alkawarin Keke da Kofin Aro



Kwanakin baya bayan an tashi daga taron wata, matasanmu suka tsaya a bakin ofis suna musun damben boksin kamar yadda suka saba. Ana ta lissafin mutanen da Naoya Inoue na ƙasar Japan ya kayar, sai ɗaya ya juyo ya ce mini, "Sakatare, wai kai me ya sa kullum wanda aka doke kake yabo?" Na yi dariya na ce labarin da tsawo, zan rubuta. To ga shi na rubuta, ko da yake akwai abin da ya shafe ni da gidana a ciki, wanda ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba.

Waɗanda suka san ni a kasuwar Mile 12 sun san albasa nake sarowa daga Aliero. A shekarar 2019 na yi wa babban ɗana, lokacin yana ɗan shekara goma, alkawarin cewa idan ya shiga cikin ukun farko a ajinsu zan saya masa keke. A gaban mahaifiyarsa da ƙannensa na faɗa, har da buga ƙirji. Yaro ya dage, ya haƙura da ƙwallon yamma, a watan Yuli ya miƙo mini takardar sakamako, ya zo na biyu. A cikin makon nan ne motar da ta ɗauko mini kaya ta lalace a hanya, ta kwana biyar ruwa yana dukanta. Wanda ya san albasa ya san abin da lema da zafin buhu ke yi mata. Da aka sauke kaya, fiye da rabi ya ruɓe. Jarina duka yana ciki, har da kuɗin mutane.

Ban gaya wa yaron komai ba. Na ce masa sai bayan Babbar Sallah. Sallah ta wuce, na ce ƙarshen wata. Wata ya ƙare, na ce mai keken ne ya yi tafiya. Daga nan ya daina tambaya, kuma wallahi shirun nan ya fi mini tambayar ciwo. Sai na ɓullo da dabara irin ta matsorata: in fita kafin ya tashi, in dawo bayan ya yi barci. Tsakanin isha'i da sha ɗayan dare kuwa, teburin mai shayi ya zama gidana.

A teburin nan nake daren Alhamis 7 ga Nuwamba. Hirar kowa a lokacin ita ce karawa ta biyu da Anthony Joshua zai yi da Andy Ruiz a Saudiyya a watan Disamba. Can sai wani matashi ya jingina wayarsa da gwangwanin madara ya ce mu matso mu ga damben da aka yi yau a Japan. Na leƙa na ga wasu sirara biyu, na ce, "Waɗannan ai yara ne, ko buhun albasa ɗaya ba za su iya ɗagawa ba." Mu da muka tashi da labarin Muhammad Ali da Mike Tyson, a wurinmu ɗan dambe sai ƙato. Ban ma sani ba a lokacin cewa ɗan Najeriya na farko da ya zama zakaran duniya, Hogan Bassey na Kalaba, a ajin kilo 57 ya ci kambunsa a birnin Paris a 1957.

Bari in yi wa waɗanda ba sa bin wasan bayani kaɗan, domin shi ne zai nuna girman abin da aka sa a faifai a daren. A boksin ana raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyinsu, ana kuma ɗora kowa a sikeli kwana ɗaya kafin wasa. Waɗannan biyun suna ajin da ba a wuce kilo 53 da rabi, wato buhun shinkafa da ɗan ɗori. Sannan manyan hukumomin da ke ba da kambun duniya huɗu ne: WBA da WBC da IBF da WBO. Saboda haka a aji ɗaya sai ka tarar da mutum huɗu kowa yana cewa shi ne sarki, kamar kasuwa ɗaya mai sarakuna huɗu. Da yawansu sun fi son kowa ya zauna a rumfarsa yana doke ƙananan abokan karawa yana karɓar kuɗi. Idan biyu daga cikinsu suka yarda suka haɗu, kowa ya ajiye kambunsa a tsakiya, wanda ya yi nasara ya kwashe duka, shi ne ake cewa wasan haɗe kambu. Wanda ya sha kaye zai koma gida hannu rabbana.

A Saitama, kusa da Tokyo, Inoue ya zo da kambun IBF, Nonito Donaire ɗan ƙasar Filifin ya zo da na WBA. Kuma wasan shi ne na ƙarshe a wata gasa ta mutum takwas da ake ba wanda ya lashe ta kofi mai sunan Muhammad Ali. Inoue, wanda 'yan teburinmu suka raɗa wa Inuwa, shekararsa 26, ya yi wasa 18 bai taɓa faɗuwa ba, 16 daga ciki bai bari an kai ƙarshe ba. Mutanensa Dodo suke kiransa. A zagayen farko na gasar, cikin daƙiƙa 70 ya gama da abokin karawarsa. Donaire kuwa saura kwanaki ya cika 37, an doke shi sau biyar a baya, kuma mutane da yawa sun ɗauka kwanansa a wasan ya ƙare. Ni da nake jin kaina tsoho karyayye a daren nan, ban san lokacin da zuciyata ta koma bayansa ba.

A turmi na biyu Donaire ya sakar wa Dodon naushin hagu a idon dama, fatar ido ta tsage, jini ya ɓalle. Mai shayi ya ajiye ludayi ya ce ɗan hakin da ka raina ke nan. Daga baya aka gano ƙashin kwarmin idon ya tsage, karan hanci ma ya karye, kuma Inoue da bakinsa ya ce tun daga turmin nan mutum biyu yake gani a gabansa. A haka ya yi sauran turmi goma. A na biyar ya girgiza Donaire da hannun dama, a na tara Donaire ya rama har sai da Inoue ya rungume shi don ya samu ya farfaɗo. Shayina ya huce ban sani ba.

A turmi na 11 Inoue ya zuba masa naushin hagu a kwiɓi, daidai hanta. Donaire ya juya baya, ya ɗan zaga fili kamar mai neman inda zai ajiye ciwon, sannan ya durƙusa. A dambenmu na gargajiya da gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai kiɗa da kirari. A nan kuwa alƙali ƙirga goma yake yi. Ana dab da cika goman mutumin nan ya miƙe, fuska a murtuke, ya ci gaba da kai naushi har aka buga ƙararrawa, ya kuma yi turmi na 12 a tsaye. Alƙalai uku duka suka ba Inoue: 116 da 111, 117 da 109, 114 da 113. Bayan haka mujallar The Ring ta zaɓi wasan a matsayin wanda ya fi kowane a shekarar.

Da a nan labarin ya tsaya, da na yaba na manta. Amma washegari da dare matashin nan ya ce mini, "Sakatare, ka ji abin da mutuminka ya yi?" Ya karanto mini abin da Donaire ya wallafa. Ashe kafin wasan ya yi wa 'ya'yansa maza biyu ƙanana alkawarin cewa da safe za su ga kofin. Ga shi an doke shi. Sai ya je wurin yaron da ya doke shi, wanda ya girme wa da shekara goma, yana hawaye ya roƙe shi aron kofin na dare ɗaya, don ya cika maganar da ya yi. Inoue ya ba shi. Kuma bai ce wa yaran shi ya ci ba. Nufinsa su ga kofin da ba za su tafi da shi gida ba, su ga fuskar ubansu a kumbure, su gane cewa mutum yakan yi iya ƙoƙarinsa kuma ya gaza.

Na biya kuɗin shayi na tashi, ban iya cewa komai ba. Mutumin nan duniya duka ta ga faɗuwarsa, amma bai ɓuya wa 'ya'yansa ba. Ni da ba wanda ya ga tawa sai direba da 'yan dako, wata uku ina wasan ɓuya da yaro ɗan shekara goma. Kuma na san sarai wanda zai iya ɗaga ni, girman kai ne kawai ya hana ni zuwa.

Akwai wani matashi da ya yi shekara shida yana yarona a rumfa. Da ya samu jari ya buɗe tasa a layin da ke fuskantar tawa, sannu a hankali wasu masu gidajen abinci da na daɗe ina ba kaya suka koma wurinsa. Na riƙe shi a zuci na ce butulu ne, gaisuwa ma da ƙyar nake amsawa. Gaskiyar magana kuwa ya fi ni zafin nama ne. Yana tura wa mutane hoton kaya ta waya, yana kai musu har ƙofa, ni kuwa ina zaune ina jiran a zo a same ni.

Ranar Asabar da sassafe na tsallaka layin. Da ya gan ni ya miƙe tsaye ya ce, "Maigida, lafiya? Ai da aikowa ka yi na zo."

Na ce, "Mai roƙo ba ya aike. Kaya nake so ka ba ni bashi, in sayar in biya ka."

Ya yi shiru ya sunkuyar da kai, kamar shi ne mai roƙon. Na nemi buhu ashirin, ya ce sha biyar zai iya, kuma mako biyu, domin shi ma na mutane ne. Sannan ya jawo littafi ya rubuta kwanan wata da adadi da farashi, ya miƙo mini biro in sa hannu, daidai yadda na koya masa da hannuna. Na ji abin ya soke ni, na kuma ji daɗi, duka a lokaci ɗaya. Da gaskiyar masu iya magana, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni dai na durƙusa, kuma ban ga inda tsawona ya ragu ba.

Ran nan kafin magariba ina gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, yau lafiya kuwa?" Na ce ta kira mini yaron. Na zaunar da shi na gaya masa komai, motar da albasar da bashin, na ce masa maganar mai keke ya yi tafiya ƙarya na yi, ya yafe mini. Na ce alkawari yana nan, amma ba zan sake sa masa rana ba sai kuɗin yana hannuna.

Ya ce, "Baba, ai na san maganar motar, na ji ku da Mama."

Na ce, "To me ya sa ka yi shiru?"

Ya ce, "Na ɗauka fushi kake da ni don ban zo na ɗaya ba, shi ya sa ba ka son ganina."

'Yan'uwa, na yi asarar dukiya ban yi kuka ba, amma wannan maganar sai da ta sa na shiga ɗaki. Ina ganin ɓuyan da nake yi kare mutuncina ne, ashe yaro yana can yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Keken bai samu ba sai a watan Fabrairun 2020, na hannu, sirdinsa a yage. Har yau yana nan, ƙaninsa ke hawa.

Su kuwa 'yan damben, kowa ya ci gaba da tafiyarsa. A watan Mayun 2021 Donaire yana da shekara 38 ya doke Nordine Oubaali na Faransa a turmi na huɗu ya karɓi kambun WBC. Ya sake ajiye shi a tsakiya a Saitama ranar 7 ga Yunin 2022, a wannan karon Inoue ya gama da shi a turmi na biyu. A watan Disambar shekarar Inoue ya doke Paul Butler na Ingila ya haɗa kambu huɗu duka. Ya haura ajin kilo 55, ya doke Stephen Fulton na Amurka a Yulin 2023, ya doke Marlon Tapales na Filifin ranar 26 ga Disamba, ya sake haɗa huɗu. Saboda haka matasanmu ba su yi ƙarya ba, a fagen naushi Inuwa ne gaba, kuma aron kofin nan ya nuna shi ma ɗan halak ne. Amma irinsa ɗaya ne a cikin dubu. Mafi yawanmu da muka baro gida muka zo neman abinci a Kudu, ranar faɗuwa tana zuwa mana, ko mota ta lalace, ko gobara, ko wanda ka ba kaya ya ɓace. Abin da mutum zai yi washegarin ranar nan, a wurin Donaire na gan shi.

Wannan ita ce amsata ga mai tambaya. Idan akwai ɗan'uwa a cikinmu da yake daɗewa a teburin mai shayi don kada ya haɗa ido da wani a gida, ina roƙonsa yau ya koma da wuri, ya faɗi gaskiya. Yara sun fi mu sanin halin da muke ciki, abin da ba su sani ba shi ne dalilin shirunmu, sai su ƙirƙiro nasu. In kuma wanda ya taɓa zama maigidanka ya tsallako layi ya zo rumfarka, ka miƙe masa tsaye.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon cika alkawari.

Naku,
Sakataren Ƙungiya