Dakoro: Gwanayen Da Ba Su Sa Hannu

Wanda ya bar Maraɗi ya nufi arewa, ya ratsa Kornaka, bayan tafiyar kimanin kilomita 120 zai iso Dakoro. Nan gona take fara ja da baya, makiyaya ta karɓi wuri. Ba nisa da garin fadamar Tarka take, a gaba kuma dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, hukumar UNESCO ta amince da shi a 2017. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, iyakar kuwa ta ratsa wannan yanki. Saboda haka kasuwar Dakoro mahaɗa ce: Bahaushe da hatsinsa, Bafulatani da shanunsa, Ba'abzine da raƙumansa.

A bakin kasuwar akwai wani mai zane, wanda ke rubuta allunan shaguna da kirari a bayan manyan motoci. Da yake ya zauna lakwal, kuma yana riƙe da buroshi, ma'aikata shi suke kira mai fasaha. Shi kuwa sunan yana yi masa nauyi. A ganinsa, malamansa suna can ƙarƙashin rumfuna, ba mai kiransu da wannan suna.

Yana nufin baduku, wanda ke karɓar fata daga majemi bayan an jeme ta da bagaruwa, ya rina ta ja da karan dafi, ya ɗinka gafaka da kube. Yana nufin maƙerin Abzinawa mai narka azurfa da haɗa sirdin raƙumi, da matarsa mai aikin jakar fata. Yana nufin matar Woɗaɓe da ke zuba ado da allura a kan baƙin yadi ba tare da ta zana komai tukuna ba. Daga wurinsu, in ji shi, ya koyi inda ja yake tsayawa, inda baƙi yake farawa.

Abin da ya fi burge shi shi ne, babu ɗayansu da ke gama aiki shi kaɗai. Manomi ya shuka duma, wani ya fafe ƙwarya ya zana ta, makiyayiya ta saya ta jera cikin kayan ɗakinta. Maƙeri ya ƙera takobi, sai fata ta ba shi sutura. Dukansu kuma a bayan dabba suke tsaye. An ga haka a farin 1973 da na 1984: da shanu suka faɗi, baduku ya rasa mai saye, maƙeri ya hura wuta a banza, makiyaya da yawa suka gangara birane, maza gadi, mata kitso da tallan magani.

Duniya ta san kyan wannan aiki. A 1983 Carol Beckwith da Marion van Offelen suka fitar da littafin hotuna kan Woɗaɓen Nijar. A 1989 Werner Herzog na Jamus ya yi fim a kansu. A Yamai, gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, ya ba masu sana'ar hannu rumfuna. To amma mai zanen yana tambaya: wa ya san sunan wadda ta ɗinka rigar da aka ɗauka hoto? Shi, da fentin gwangwani, yana sa sunansa a ƙasan kowane allo. Su da suka fi shi, aikinsu yana tafiya ba suna.

Barazanar yau ba fari ba ce kaɗai. Roba da kwanon sha sun kori ƙwarya, takalmin kanti ya kori na baduku, baƙi masu yawon buɗe ido sun ja baya saboda rashin tsaro. Ɗan baduku ya fi son tuƙa kabu-kabu da riƙon basilla. Sana'ar da ba a rubuta ba kuwa, idan ta tsallake ɗa ɗaya, ta tafi ke nan.

Mai zanen ba ya jiran Turawa su dawo. Idonsa yana kan ɗan kasuwa mai lodin dabbobi zuwa Jibiya, da ma'aikacin da aka turo gari aiki. Su ne masu kuɗin tsaraba. Roƙonsa biyu ne: wanda zai saya, ya saya a rumfar mai yi, ba tare da taya shi tayin wulaƙanci ba, sannan ya tambayi sunansa, ya faɗa wa wanda zai kai wa. Yabon gwani ya zama dole, amma ba a yabon wanda ba a san sunansa ba.