Yadda na koyi yanka haruffa da wutar leza

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, amma ban taɓa samun haruffan Hausa da yaro zai ɗauka a hannu ya shafa ba. Na roba da ake sayarwa a kasuwar Maradi na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ. To, da hutun bara wani tsohon ɗalibina mai shagon hatimi da allunan suna ya ce, "Malam, ku zo ku yanka da kanku." Yana da ƙaramin injin leza mai ƙarfin wat 10. Iyayen yara suka haɗa mani jika 15, na sayi siririn katako mai kaurin milimita 3.

Ran farko na kai hoton haruffan a cikin salula. Injin ya yi ta kai da komo yana babbake fuskar katakon, bai yanka kome ba. Ashe zane iri biyu ne. Hoto tarin ɗigo ne, da shi ake ƙona ado a bisa abu. Yanka kuwa sai da zanen layi, irin wanda ake ajiyewa da sunan SVG ko DXF, don layin ne bakin wutar ke bi. Sai na zauna koyon Inkscape, wadda kyauta ce. Daga can ake kai zanen cikin LightBurn, ita ce mai ba injin umurni. Ta kuɗi ce, sai dai suna barin mutum ya gwada kwana 30. Mai ƙaramin hali yana iya farawa da LaserGRBL.

Inda na fi shan wuya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Na rubuta su lafiya lau a gida, da muka buɗe a kwamfutar shagon sai ƙ ta koma akwati, domin salon rubutun da ke can bai san ta ba. Maganin kaɗan ne: kafin ka ajiye, ka umurci Inkscape ta mai da rubutun zanen layi. Daga nan ba harafi ba ne a wurin kwamfuta, siffa ce, ko ina ka kai ta ba ta sakewa. Wannan ya ci mani kwana biyu, kuma girman kai ne ya hana ni tambayar yaron da na koya wa abacada.

Sauran aikin lamba biyu ne, gudu da ƙarfin wuta. Gudu ya yi yawa, ba ta huda ba. Ya yi kaɗan, baki ya ƙone. LightBurn tana da gwaji na ƙananan murabba'ai da ake yi a guntun katako, ka zaɓi wanda ya fita tsaf. Ni na yi gaggawa na tsallake shi, rabin falle ya tafi. A sa tabarau na leza, kada a bar injin shi kaɗai, kuma kada a kusanta masa robar PVC, hayaƙinta guba ne.

Da aka koma lakwal na zuba haruffan a tabarma. Wata yarinya ta ɗauki b, ta kifa ta, ta ce, "Mushe, ga d." Da gaskiyarta. Ran Asabar na kwashe su duka na koma shagon, muka ƙona ɗan ɗigo a fuskar kowane harafi don a san gaba da baya.