Ƙara wa katin gem gudu a garin zafi



Yayana yana da ɗan shago a nan Gummi da kwamfuta ɗaya tal. Da safe yana buga wa mutane takardu, da yamma yara su biya su buga ƙwallon PES. A cikinta akwai katin hoto na NVIDIA mai suna GTX 1050 Ti. Tsoho ne, tun 2016 aka fito da irinsa, shi kuma na hannu ya sayo a Kano. Katin nan ne ke zana duk abin da kake gani a gem. In aiki ya yi masa yawa, sai ka ga ɗan wasa yana gudu yana tsayawa kamar mai ɗingishi.

Abokaina suka dame ni wai in sa Yaya ya ƙara wa katin gudu, abin da suka gani a YouTube ana ce masa obakulok. Ya yarda ya gwada, ni kuma aikina rubuta lambobi a bayan littafin lissafina.

Da manhajar MSI Afterburner ake yi, kyauta ake sauke ta. Ba a jan gudun gaba ɗaya. Megahaz 15 ko 20 yake ƙarawa, ya buga gem kamar rabin awa yana kallon lambar zafi. In ɗige-ɗige masu launi suka fara fitowa a allo, ko gem ya rufe da kansa, an wuce gona da iri ke nan, sai ya koma baya taki biyu. Wurin ƙara ƙarfin wuta kuwa, ya ce ko da wasa kada in taɓa.

Masu bidiyon nan a ɗaki mai sanyi suke zaune, kuma ba sa faɗa. Mu a Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ga shagon rufin kwano ne. Katin idan ya kai wajen digiri 83 da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, ka ga ƙarin ya tashi a banza. Ga ƙurar hunturu da ta cika fanka maƙil. Ranar da Yaya ya kashe kwamfutar ya share fankar da burushi, gem ya fi yin santsi fiye da ranar obakulok ɗin, wallahi.

Ribar duka ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ni da ƙyar idona ya ga bambanci. In kuwa katin ya mutu, sai an yi watanni ana tara kuɗin wani, kuma daga shagon nan ake saya min littattafai da takalmin makaranta. Shi ya sa ba na goyon bayan abokaina.

Yanzu Yaya ya ajiye saiti biyu a manhajar. Mai ƙarin gudu sai da dare a lokacin sanyi. Da bazara katin yana nan yadda kamfani ya saita shi.