Taya mai faɗi ba ta ƙara wa mota ƙarfi

A wani ƙauye arewa da Dakwaro akwai wani direba mai tsohuwar Peugeot 404, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai maras lafiya likita. Amma kullum sai ta kafe cikin rairayi.

Sai ya saida bijiminsa, ya sayo janti da tayoyi masu faɗi. Sun yi amfani, don taya mai faɗi, in an rage mata iska kaɗan, ba ta saurin nutsewa. Ganin haka ya ɗauka motar ta ƙara ƙarfi, ya riɓa mata kaya.

Da nauyi ya danne bayan motar, taya ta yi ta gugar ƙarfe har ta fashe a daji. Hatsin mutane ya kwana can, kasuwa ta watse. Makanise a Maraɗi ya gaya masa takalmi kawai ya canza, ƙashin bayan motar na nan yadda yake. Ga shi kuma ta ƙara shan esansi.

Ƴan uwa, kafin ku canza taya, ku shawarci makanise, kuma kada ku ƙara kaya.